Kama da Wane

'Yar ƙanena, yarinya ce 'yar aji biyar na sakandare, ta kawo mini wani insha'i da aka ba su su rubuta da Turanci a kan mutumin da suka fi kewa. Ta zaɓi mahaifinta, Allah ya jiƙansa da rahama. A tsakiyar takardar ta so ta faɗi wani abu da ya daɗe yana sosa zuciyar kowa a gidanmu. Tun da muryar yayanta ta buɗe, in ya yi sallama daga zaure sai gabanmu ya faɗi, don muryar marigayin ce sak. Ga abin da ta rubuta: "I hear my brother like my father." Malaminsu ya ja jan layi a ƙarƙashin jimlar, ya ɗora alamar tambaya a gefe, bai ƙara komai ba.

Ta ce da ni, "Baffa, ina kuskuren yake? Ai ni haka nake ji."

Tana da gaskiya, haka take ji. Da Hausa ta yi tunanin, kuma tunanin lafiyayye ne. Abin da ya rage mata 'yan kalmomi biyu ne da Bature ke amfani da su dare da rana, wato "sounds like". Jimlar da take nema ita ce, "My brother sounds like my father." Saboda ita, da ku sa'o'inta da kuke fama da Turanci a makaranta da wajen neman aiki da kan waya, na ga ya kamata in zauna in warware muku waɗannan kalmomi biyu a tsanake. Na daɗe ina koyarwa, na kuma ga yadda suke buɗe wa yaro baki idan ya iya su, da yadda suke jefa shi a rami idan ya ɗauke su da wasa.

Mu fara da inda matsalar ta samo asali, wato kalmarmu ta "ji". Allah ya yi wa wannan kalma albarka a Hausa. Muna jin ƙara, muna jin wari, muna jin zaƙi, muna jin sanyi da yunwa da tausayi, har Larabci jin sa muke yi. In ka cire gani, kusan duk abin da ya shigo jikin Bahaushe ta ƙofar ji yake shigowa. Bature kuwa ya raba wa kowace gaɓa tata kalmar. Abin da ido ya kawo, "look" ne. Na hanci "smell", na harshe "taste", na fata "feel", na kunne kuma "sound". Kowace daga cikinsu tana ɗaukar "like" a bayanta idan za a yi kwatance. Shi ya sa za ku ji ɗan makaranta ya ce "I am hearing smell", ko ya tambayi baƙo "Do you hear Hausa?" Ba daƙiƙanci ba ne. Ya ɗauki ji guda ɗaya ne ya shiga da shi gidan da aka gina wa ɗakuna biyar.

Akwai kuma wani juyi da ya kamata ku lura da shi. Mu kan sa mai sauraro a gaba: na ji muryarsa kamar ta babansa. A jimlar Turanci da ke da "sound", abin da ke fitar da sautin shi ke shiga gaba, mai sauraro kuma sau da yawa ba a ma ambatarsa. Yayan ne ya "sounds", ƙanwar da ta ji ba ta cikin jimlar. Da zarar wannan ya zauna muku, rabin aikin ya ƙare. "That engine sounds like a grinding machine", wato ƙarar injin nan kamar ta injin niƙa. "You sound like your mother on the phone", wato a waya muryarki kamar ta mahaifiyarki.

Sauran ƙa'idojin ba su da yawa, amma a nan ake zubar da maki. Idan suna ne zai biyo baya, sai an sa "like". Idan siffa ce, ba a sa shi. Wanda kuka ji muryarsa a sanyaye, ku ce masa "You sound tired", daga jin muryarka ka gaji. "You sound like tired" kuskure ne da nake gani kusan a kowane zangon karatu. Haka nan "That sounds good" ake cewa idan an kawo shawara mai kyau. "Sounds well" sai dai in ana maganar lafiyar jikin mutum, kamar wanda ya tashi daga ciwo kuka ji muryarsa ta dawo. Idan kuma cikakkiyar jimla ce za ta biyo, rubutun makaranta da na ofis ya fi son "as if" ko "as though": "It sounds as if the rain has stopped." A hira kowa na cewa "It sounds like the rain has stopped", ba kuma wanda zai ɗaga gira. Amma takardar jarrabawa ba dandali ba ce, ku riƙe na farkon a can.

Kada ku yar da harafin "s". Abu ɗaya "sounds", abubuwa da yawa "sound". "It sound like" ya yi yawa a rubutun matasanmu, dalili kuwa kunne ba ya kama wannan ƙaramin sauti a ƙarshen kalma, hannu kuma abin da kunne ya ba shi yake rubutawa. Sannan "like" ba ya tsayawa shi kaɗai a ƙarshe ba tare da abin da aka kwatanta ba. In kuna son ku ce abubuwa biyu sun yi kama da juna a sauti, "alike" ake sawa: "The two words sound alike." Galibi kuma ba a cewa "is sounding like", ko da a yanzu-yanzu ne ake jin sautin.

To, wannan ita ce fuska ta farko, kamannin sauti da sauti. Akwai ta biyu, wadda na fi son ku kula da ita, domin ta shafi hali. Bature na cewa "sounds like" a kan abin da bai ji ƙararsa ba sam, labarinsa kawai ya ji. Aboki ya ba ka labarin yadda jikinsa ke zafi da sanyi da ciwon gaɓoɓi, sai ka ce "It sounds like malaria." Ma'ana, yadda ka kwatanta ɗin nan, da alama zazzaɓin cizon sauro ne. Ba ka duba shi ba, ba ka gwada jininsa ba, ka dai auna da abin da ya faɗa. Mu ma muna da irin wannan a "da alama", da "daga ji", da "kamar dai". Mai faɗin haka ya bar ƙofa a buɗe, yana cewa ga iyakar abin da kunnena ya kawo mini, mai yiwuwa in an bincika a tarar da wani abu dabam.

Abin da ke damuna shi ne yadda wannan ƙofa ke rufewa idan magana ta bi ta baki biyu ko uku. Na farko ya ce "It sounds like a gunshot", kamar ƙarar bindiga. Na biyu ya ce an ji ƙarar bindiga. Na uku ya rubuta a WhatsApp cewa ana harbi a kasuwa, kafin a ankara mata sun watsar da kayan miya suna gudu, alhali tayar babbar mota ce ta fashe. Mutum na farko bai yi ƙarya ba. Sauran ne suka yar da "kamar" a hanya don ta yi musu nauyi. Idan kuna fassara wa iyayenku wani saƙo ko labarin da kuka ji da Turanci, ina roƙonku ku kawo musu "kamar" ɗin tare da sauran kayan. Kakanninmu sun riga sun gama magana a kan wannan tun da suka ce kama da wane ba wane ba ne.

Wannan buɗaɗɗiyar ƙofa tana da wani amfani a zaman tare. In abokin aiki ya kawo maka kuka, ka ce masa "It sounds like you had a hard day", ka nuna masa ka saurara, ba ka kuma yanke masa hukunci ba. In bai yarda da fahimtarka ba, ka ba shi sararin gyarawa. Ladabi ne irin wanda muka sani a gida, sai dai da wani harshe.

Yanzu bari in zo kan amfanin da na fi so in ga kuna yi da kalmomin nan, wato tambaya. Yaro zai ji wata kalma a rediyo ko a bakin malami, bai san ta ba, bai san yadda ake rubuta ta ba, sai ya yi shiru ya bar ta ta wuce saboda kunya. Alhali ga mabuɗi a aljihunsa. Ya ce, "I heard a word that sounds like…" ya faɗi abin da kunnensa ya kama. Ko ya ga kalma a rubuce, ya tambaya, "What does it sound like?" Turawan da aka haifa cikin harshen su ma haka suke yi, ba dare ba rana. Har wani wasa suke da shi na kwaikwayo ba tare da magana ba, inda mai wasan kan ja kunnensa don ya nuna wa 'yan'uwansa cewa kalmar da yake nufi ta yi kama a sauti da wadda zai kwaikwaya.

Me ya sa masu harshen da kansu suke buƙatar wannan dabara? Saboda rubutun Turanci da furucinsa sun daɗe da raba hanya. Haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka wajen 44. William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, daga nan rubutu ya fara daskarewa a kan takarda. Baki kuwa bai tsaya ba. Daga wajajen 1400 zuwa wajajen 1700 dogayen wasulan Turanci suka yi ta sauya wuri, wasu baƙaƙe kuma aka daina furta su. A da "meet" da "meat" ba ɗaya ake faɗinsu ba, yau sun haɗe. A da ana furta "k" ɗin da ke farkon "knight" da "know", yau ya zama ɗan rakiya, shi ya sa "knight" da "night" suka zama tagwaye a kunne. Haka "write" da "right", "week" da "weak", "flour" da "flower", "there" da "their". Ɗan Ingila ma yana tuntuɓe a nan. Za ku ga ya rubuta "could of" maimakon "could have", don a bakinsa gajeren furucin biyun ɗaya ne.

Kada wannan ya ba ku tsoro, domin ku ma da irinsa kuka tashi. Ku dubi "fara": akwai ta soma aiki, akwai wadda ake soyawa da yaji, akwai farar riga. Ku dubi "kuka": na jariri, da na miya, da na "ku kuka zo". Gari na zama da garin tuwo, wuyan riga da wuyar aiki. Namu ma ya juya ne: rubutu ɗaya, furuci dabam, saboda rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Ba ku taɓa rikicewa ba, don sauran jimlar na gaya muku wanda ake nufi. Turanci ma haka ne. Wanda ya ce ya sayi buhun "flour" ba furanni ya sayo ba.

Sai dai a nan akwai wani rarrabewa da nake so ku yi da gaske, don shi ne ke raba wanda ya iya da wanda yake zaton ya iya. Kalmomin da suka yi kama a sauti iri biyu ne. Akwai waɗanda ɗaya suke a kunnen kowa, kamar "see" da "sea". Waɗannan ba ruwan kunne da su, haddar rubutu ce maganinsu. Akwai kuma waɗanda a kunnenmu ne kawai suka zama ɗaya, saboda Hausa ba ta raba sautukan ba. Ba mu da bambanci tsakanin "p" da "f", don haka "pan" da "fan", "pull" da "full", "copy" da "coffee" sukan narke su zama abu guda. Ba mu da "v", sai "vote" ta koma "boat", "very" ta koma "berry". Ba mu da sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora, sai "think" ta zama "sink", "faith" ta zama "face". Ga kuma "walk" da "work", ga "bad" da "bed" da "bird". In yaro ya ce mini "pan sounds like fan", nakan ce masa e, sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne, kuma wanda kake magana da shi yana jin bambancin kamar yadda kake jin bambancin "kafa" da "ƙafa".

Wannan misali na ƙarshe ku riƙe shi da kyau. Baƙon da ke koyon Hausa yakan rantse cewa "baki" da "baƙi" ɗaya ne, "bari" da "ɓari" ɗaya ne, "kasa" da "ƙasa" ɗaya ne. Kunnensa ne bai horu ba tukuna. Halin da kuke ciki ke nan da "p" da "f", ba kuma ciwo ne marar magani ba. Yawancinku kun zauna gaban malamin allo ko na Islamiyya yana mayar da ku baya sau goma a kan harafi ɗaya, har sai kun raba sinun da sadun, kun raba ƙafun da kafun, don kada "ƙalbu" mai nufin zuciya ta koma "kalbu" mai nufin kare. Kun zauna, kun jure, kun iya. Wanda ya koyi mafitar haruffan Larabci, haɗa leɓɓa biyu don fitar da "p", da ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa don fitar da "f", ba zai gagare shi ba. Akwai ma inda kuka fi wasu sa'a. Kunnen Bahaushe ya saba da dogon wasali da gajere, saboda haka "ship" da "sheep", "live" da "leave", "full" da "fool" sukan zo muku da sauƙi in an nuna muku sau ɗaya.

A jarrabawar WAEC akwai takardar Turanci ta uku, ta furuci, wadda a Najeriya a rubuce ake amsa ta. Za a ja layi ƙarƙashin wani harafi a kalma, a ce ka zaɓi kalmar da ke da sauti iri ɗaya. Yawancin takardar, in kun duba, tambayar "sounds like" ce aka maimaita ta fuskoki dabam-dabam, kuma tarkon da ake ɗanawa kullum ɗaya ne: a kawo kalmar da ta yi kama a ido, a ɓoye wadda ta yi kama a kunne. Wanda ya bi ido ya faɗa. Maganinsa ƙamus ne mai nuna furuci, irin na Oxford na masu koyo wanda A. S. Hornby ya tsara, da aka fara bugawa a Ingila a 1948. Waɗannan baƙin alamomi da kuke tsallakewa a gaban kowace kalma su ne haruffan sauti na duniya, waɗanda wata ƙungiyar malaman harshe da aka kafa a Faris a 1886 ta fito da su. Kwana bakwai sun isa a koyi na Turanci. Yau kuma ƙamusun da ke kan waya suna furta kalmar da murya. Ku danna, ku saurara, ku maimaita da ƙarfi, ku ɗauki muryarku, ku kwatanta. Ku kuma san cewa "rhymes with" dabam yake. Shi amsa-amo ne, ƙarshen kalma kawai ya shafa, kamar "day" da "play".

Mai yiwuwa wani ya ce duk wannan na 'yan jarrabawa ne. To, ku ji inda kamannin sauti ke cin kuɗi, har ya ci rai. "Fifteen" da "fifty", "thirteen" da "thirty", a waya mai ƙaraf-ƙaraf ba su da maraba. In ana ciniki, ku maimaita lambar ɗaya bayan ɗaya, "one five" ko "five zero", ko ku ce a turo a rubuce. Ba ƙauyanci ba ne. Matuƙa jirgin sama, waɗanda Turanci ne harshen aikinsu, ba su yarda da kunnensu ba. Tun 1956 suke da tsayayyen jerin kalmomi na kiran haruffa, Alfa, Bravo, Charlie har zuwa Zulu, don "b" da "d" da "p" kan cakuɗe a rediyo. Lamba tara ma "niner" suke ce mata, kada ta yi kama da biyar. A 1985 wani ɗalibi Ba'amurke a filin jirgin Los Angeles yana jiran jirgin Oakland, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Ya ji an kira Auckland, ya shiga, sai ga shi a New Zealand, can ƙetaren tekun Fasifik. Turanci harshen uwarsa ne.

Ruɗanin sunan magani ya fi tayar mini da hankali, don a garuruwanmu yara ake aika kemis, kuma da baki ake ba su sunan. A Amurka a da akwai maganin gyambon ciki mai suna Losec, akwai kuma Lasix mai fitar da ruwa daga jiki ta fitsari. Rikita su da aka riƙa yi ya sa a 1990 aka sauya wa na farkon suna zuwa Prilosec. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi na musamman a kan sunayen magunguna masu kama da juna a ido ko a kunne. In ƙwararrun likitoci da masu haɗa magani suna ruɗewa, ina ga yaron da aka aika yana tafe yana maimaita suna a ransa? A gaban mai kemis ba wurin cewa "wani mai suna kamar kaza" ba ne. Ku tafi da takardar likita, ko tsohon kwalin, ko a rubuta muku sunan harafi-harafi. Kalmar da ke taimakonku a aji, a nan sai ku ajiye ta a bakin ƙofa.

Akwai wani rami kuma da masu ɗan ilimi suka fi faɗawa, shi ne ɗaukar kamannin sauti a matsayin dangantaka. Mutum zai ji kalmar Hausa ta yi kama da ta wani harshe, nan take ya yanke cewa daga can aka aro ta. Wani lokaci gaskiya ne. Mota da bokiti da tebur da asibiti daga Turanci suka zo, littafi da alƙalami daga Larabci. Wani lokaci kuma gado ne na kaka ɗaya, kamar "mutu" tamu da takwararta ta Larabci, domin masana irin su Joseph Greenberg sun nuna Hausa da Larabci rassa ne na babban dangi guda. Amma sau da yawa katari ne kawai. A Farisanci "bad" na nufin mummuna, daidai da Turanci, kuma binciken tarihin kalmomin biyu ya nuna ba su haɗa asali ba. Wani masanin harshe, R. M. W. Dixon, yana nazarin harshen Mbabaram na arewacin Ostareliya a shekarun 1960, ya tambayi sunan kare, aka ce masa "dog". Ya zaci aro ne, sai bincike ya nuna tsohuwar kalmarsu ce da ta gajarce da kanta har ta faɗo kan wannan siffa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne "boko". Shekara da shekaru ana maimaitawa, har a manyan jaridun duniya, cewa daga "book" aka samo ta. Hujjar? Sun yi kama. A 2013 Paul Newman, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a nazarin Hausa, ya rubuta takarda yana nuna ba haka ba ne. Kalmar tamu ce tun asali, tana nufin abin da ba na gaske ba, abin yaudara, kamar yadda muke cewa amaryar boko ko biri-boko, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo ta da irin waɗannan ma'anoni. Da "book" aka aro, da ba "boko" za ta zama ba. Ku dubi "cook", wadda wasalinta ɗaya da na "book", ai "kuku" ta zama a bakinmu. Iyayenmu ne suka kalli karatun da Bature ya kawo suka laƙaba masa sunan da ke nuna shakkarsu. Wannan tarihi mai nauyi ya kusa ɓacewa a ƙarƙashin wani kwatance na kunne da ba wanda ya tsaya ya bincika. Saboda haka in kun ji kalma ta yi kama da wata, ku ce ta yi kama, ku tsaya nan, sannan ku je ku duba.

Saura abu ɗaya, wanda na san yana ci wa da yawanku tuwo a ƙwarya. Wata rana wani zai ce muku, "You sound like a Hausa man", ko "like a Hausa girl", wataƙila da murmushin raini. Na ga yara masu kaifin basira sun kulle bakinsu shekara guda a jami'a saboda wannan jimla. Na ga wasu kuma sun koma maƙale murya suna kwaikwayon 'yan fim ɗin Amurka, har a kasa gane abin da suke faɗa. Duka biyun suna ba ni tausayi. Gyaran "p" da "f" da nake ta nanatawa don a fahimce ku ne, kada "copy" ta zama "coffee". Ban ce ku goge garinku daga harshenku ba. Ɗan Indiya da ɗan Sikotilan da ɗan Jamaika kowa ana jin ƙasarsa a bakinsa, ba kuma wanda ya nemi gafara. Ku nemi jawaban Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna nan a intanet, har da wanda ya yi a majalisar dokokin Amurka a watan Yulin 1961. Malamin makaranta ne daga Bauchi, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, daga baya ya yi shekara guda a Landan. Ana ce masa mai muryar zinare. Ku saurari yadda yake ba kowace kalma haƙƙinta, ba gaggawa, ba cin haruffa, ga natsuwa irin ta dattijon Arewa. Wanda ya ce kun yi kama da Bahaushe a magana, ku amsa masa da "I am one", ku ci gaba da abin da kuke faɗa.

'Yar ƙanen nawa ta sake kwafe insha'inta a wannan daren. Da ta zo kan jimlar sai ta ɗago kai ta ce, "Baffa, in na ce 'sounds like', ai na yarda ke nan ba shi ba ne." Na ce mata haka ne. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ƙara wata jimla a ƙasa da kanta, ba ta tambaye ni ba: "He sounds like him, and for one second I forget." Muna nan zaune sai ga sallamar yayanta daga zaure, ya dawo daga masallaci. Ta ajiye biro ta tashi ta ɗauko masa abincinsa.